Kwana Huɗun da Na Ce Da Sauƙi

Da sunan Allah na buɗe bakina, kuma shi nake roƙo ya tsare harshena daga ƙari da ragi. Ni ban yi boko ba, alƙalami bai san hannuna ba. Jikata Murja ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, in ta gyara mini magana don ta rufa mini asiri ban yafe ba. Abin da ya sa na zaunar da ita shi ne wata magana da ta daɗe tana yawo cikin danginmu, daga Bakura har Talata Mafara, ana yin ta a gidan biki ana yin ta a gidan makoki, wai likitocin birni sun yi gwaji da uwar Murja har suka ƙone mata ƙoda. Ina ji ana faɗa, ina sunkuyar da kai kamar wadda aka cuta. Shirun ya yi mini daɗi, don ni yake karewa. Yau na gaji da shi.

Sai kun san inda na fito kafin ku gane abin da na yi. A Janbako aka haife ni, cikin gidan Fulanin da suka ajiye sanda suka kama fartanya, amma ba su ajiye kunya ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san yana duniya. Uwar Murja ita ce ɗiyata ta fari. Ana yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, muna gida ɗaya a Bakura amma kamar garinmu daban. Na tuna ranar da kunama ta harbe ta tana 'yar shekara biyar. Tana ihu a tsakar gida, ni ina daka, ban ajiye taɓarya ba. Ina jin ihun, hannuna na daka. Matan gidan suka yi ta yabona, suka ce ɗiyar Janbako ta cika 'yar mutunci. Wannan yabon na ɗauka na yi ado da shi shekara arba'in. Ni da aka sani da baki, wadda in ta fara labari a gidan suna ake mantawa da tuwo a kan wuta, ban taɓa zama na yi hira da ita ba. In zan kira ta sai in ce “ke” ko “yarinyar nan”, har ta yi furfura a gefen kunne.

Ta yi aure a Talata Mafara, gidan Mamman, manomin albasa da shinkafa a gonakin Bakolori, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. A can ciwon ya same ta. Wani ƙullutu ne a mamanta na hagu, ta ɓoye shi har ya fara hana ta ɗaga tulu. Da Mamman ya kai ta asibitin garin suka tura su babban asibiti can birni, aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce sankara ce, ciwon dajin nan da mutane ke rage murya in za su ambace shi. Aka yi mata magani na farko, gashinta ya zube, ƙullutun ya ja baya kaɗan ya sake dawowa. A zuwa na gaba ne aka ce a taho da wanda zai yi jinya, akwai magana. Mamman na fama da ban ruwan albasa, Murja na ɗakin mijinta a Dosara da tsohon ciki. Sai ni.

Likitan bai ɓoye mana komai ba, wannan ku rubuta shi da kyau. Ya zaunar da mu, da wata nas mai suna Malama Jummai a gefensa, ita ce ke warware mana abin da ya yi nauyi. Ya ce akwai wani magani da suke bincike a kansa, ana haɗa shi da wanda aka saba. Ya ce su kansu ba su tabbatar ko ya fi na da ba, abin da suke son ganowa ke nan, kuma in ba mu yarda ba babu mai fushi, za a ci gaba da kula da ita kamar kowa. Sannan ya ce abin da suke tsoro shi ne maganin yana iya taɓa ƙoda.

Na ce, “Likita, ciwo na bisa ga ƙirji, mi ya kai shi ga ƙoda?”

Malama Jummai ta yi murmushi ta ce, “Inna, kina dama koko?”

Na ce, “Tun ba a haifi uwarki ba.”

Ta ce, “To ƙoda ita ce abin tatar jiki. Duk abin da muka zuba a jini ta nan zai bi. In ƙullu ya yi kauri, ruwa ya yi kaɗan, me ke samun abin tata?”

Na ce, “Toshewa.”

Ta ce, “Shi ke nan, kin gama karatun likita.”

Aka ba mu mako guda mu yi shawara. Yarinyar nan da kanta ta ce tana so, ta ce ko bai yi mata ba wataƙila ya yi wa wata a bayanta. Ita ta dangwala yatsa a takardar, ni na dangwala a matsayin shaida. Babu wanda ya kama hannun wani.

Sai sharuɗɗa. Ta sha ruwa da yawa ko ba ta jin ƙishi. Kada a ba ta jiƙo, ko sassaƙe, ko ƙwayar ciwon jiki ta kemis. Za a riƙa ɗibar jininta a kan lokaci. Sannan Malama Jummai ta ɗauko wata farar roba mai layi-layi a jiki, ta ja jan biro a kan layi ɗaya. Ta ce duk fitsarin da za ta yi daga safiya zuwa safiya a nan za a tara, kuma kullum da hantsi za ta bugo waya ta tambaya. In bai kai jan layin ba, ko ƙafa ta kumbura, ko amai ya ƙi tsayawa, a ranar za a kawo ta, ba gobe ba. Ta dube ni ta ce,

“Inna, za ki iya?”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Na yi jinyar uwar miji shekara uku, na yi jinyar miji har na rufe mai ido. Roba ce za ta gagare ni?”

Ban gaya mata cewa wannan ɗiyar fari ce ba. Ba ta tambaya ba, ni kuma ban ga dalilin faɗa ba.

Zagaye na farko da na biyu sun wuce lafiya. A kwantar da ita a asibiti a sa mata ruwan maganin, mu dawo Mafara ta huta. Robar tana hannunta, wayar tana hannunta, ita ke amsa tambayoyin Malama Jummai a cikin ɗakinta, ni ina waje ina hura wuta. Ƙullutun ya fara laushi, har ta iya ɗaura zani da hannu biyu. Ni kuma na tsare ƙofa kamar dogari. Wata rana gwaggon Mamman ta zo da ƙullin sassaƙe a bakin zani, wai daga wani mai magani na Maradun, ta ce a jiƙa da jar kanwa.

Na ce, “Sannu da ɗawainiya, Gwaggo. Aje shi can bisa katanga.”

Ta ce, “Katanga ce ba ta da lahiya?”

Na ce, “Likita ya hana.”

Ta ce, “Oho, yanzu ke ma kin zama ta Nasara? Ke da anka yi ma wankan jego da ganyen darbejiya?”

Na ce, “Ni anka yi ma, kuma ga ni. Ita ba za ta sha ba. In kina tausayin sassaƙen, jiƙa ki sha, na ga ƙafarki na ja.”

Ta fita tana zage-zage, ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba. Na faɗi wannan ne don masu cewa jiƙo na ba ta a ɓoye. Ko ɗigo bai shiga bakinta ba. Duk sharaɗin da ake tsarewa daga bakin ƙofa na tsare shi. Wanda ya kayar da ni shi ne wanda sai an shiga ɗaki.

Zagaye na uku ya faɗo cikin bazara, lokacin da ƙasar Mafara ke ƙona tafin ƙafa tun kafin azahar, ana tsakiyar cirar albasa, Mamman na fita da asuba ba ya dawowa sai magariba. Kwana biyu da dawowarmu amai ya kama ta. Ta sha ruwa ya dawo, ta sha kunu ya dawo. Muryarta ta shige, sai ta turo mini wayar ta ƙarƙashin asabari. Da hantsi wayar ta yi ƙara.

“Inna, kun tashi lafiya? Ya gida, ya zafi?”

“Lahiya lau, alhamdu lillahi. Ya aiki, ya ɗiya?”

“Lafiya lau. Ya mai jiki?”

“Da sauƙi.”

Haka bakina ya saba. Na ga ana ce wa mutum da sauƙi da safe a yi jana'izarsa da la'asar, don a wurinmu kuka da ciwo kamar kai ƙarar Ubangiji ne. Malama Jummai ta ce fitsarin ya kai layi? Na juya na kalli ɗakin. Taku biyar ne tsakanina da shi. Amma in shiga ɗakin auren ɗiyar fari, ɗakin surukina, in duƙa in ɗauki abin bawalinta in ɗaga shi a haske in leƙa? Na ji kamar an ce in tuɓe zani a kasuwar Talata. Sai na ɗaga murya ina kallon itacen darbejiya na ce,

“Wai ana tambayar roba.”

Daga ciki ta ce, “Lahiya lau, Inna.”

Na ce wa wayar, “Ta ce lahiya lau.”

Haka muka yi rana ta biyu, haka ta uku. Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani. Ni ke cika butar bayi in ajiye mata a bakin ƙofa da safe, kuma ina ganin butar nan a cike har la'asar, babu wanda ya taɓa ta. Na ga sanda ta fito alwala tana jan silifas da yatsu don ƙafar ta ƙi shiga. Na ga warwaron hannunta ya nutse cikin nama. Ina gani ina kawar da kai, kamar yadda na kawar ranar kunama, ina jiran wani ya zo ya shiga a madadina. A can uwar mijina ce ta ruga ta ɗauke ta. A nan babu kowa, ni ce babbar gidan. Rana ta huɗu Malama Jummai ta ce, “Inna, kin gani da idonki?” Na ce an gani. Wannan kam ba al'ada ba ce, ƙarya ce na yi, kuma na yi ta istigfari a kanta.

Rana ta biyar ba ta ko tsaya gaisuwa ba.

“Inna, kwana huɗu ban ji muryar Hauwa'u ba. Ba gaisuwa na kira mu yi ba. Tashi ki shiga ɗakin da wayar a kunnenki, ki ɗauki robar, ki gaya mini abin da kika gani. Ba zan kashe ba, ina jin takunki.”

Na ce, “Malama, ɗiyar fari ce.”

Ita ma 'yar ƙasarmu ce, ta gane nan take. Na ji ta ja numfashi ta ce, “Inna lillahi. Ni ce ban tambaya ba. Inna, na roƙe ki da girman Allah, kunyar nan ki ba ni ajiyarta na yau kaɗai. Gobe in mayar miki.”

Na ɗaga asabarin. Tana kwance a kan gado, fuskarta ta cika har idanun sun zama tsaga, ɗakin na wani irin wari da ban taɓa ji ba. Robar na ƙarƙashin gado an rufe ta da tsumma. Na durƙusa na jawo ta. Abin da ke ciki bai fi a rufe gindin kofin shayi ba, kuma launinsa kamar shayin da aka manta a wuta. Jan layin na can sama. Na faɗa wa wayar. Ta ce in tashe ta. Na ce, “Ke.” Shiru. Na ce, “Yarinyar nan.” Shiru. Na girgiza ƙafarta, yatsana ya lotsa ya bar rami. Malama Jummai na ta magana a kunnena, tana cewa in kira sunanta, marar lafiya ya fi jin sunansa. Na buɗe baki, harshen ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Sannan sunan ya fito, da ƙarfin da har maƙwabta suka ji.

“Kulu! Hauwa'u! Kulu, tashi!”

Ta buɗe ido a hankali. Ta dube ni, ta dubi robar a hannuna, sai leɓenta ya motsa.

“Inna, ashe kin san shi.”

Na ce, “Ni na raɗa ma ubanki shi, marar kunya. Tashi mu tahi.”

Ta ce, “Aje robar, Inna, ba ke ya kamata ki ɗauka ba.”

Na ce, “Ni ya kamata tun shekaranjiya.”

Aka aika gona aka kira Mamman, ya zo da taɓo har gwiwa. Kafin la'asar muna birni, Malama Jummai na tsaye a bakin ƙofa da keken marasa lafiya. Jinin da suka auna ya nuna ƙodar ta kusa tsayawa. Sau uku aka jona ta da injin wankin ƙoda, ina zaune ina kallon jinin ɗiyata na fita ta wata igiyar roba yana komawa ta wata. A kwana na shida da kwantar da ita fitsari ya dawo. Ni na riƙe robar, ni na kai wa nas, ina tafe ina nuna wa duk wanda na gamu da shi kamar na ɗauko sandar sarauta. Ƙodar ta farfaɗo, amma ba ta koma yadda take ba, kuma likita ya ce ba za su ƙara ba ta wannan maganin ba, an cire ta daga binciken. A nan Kulu ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka ce mata sankara ce. Ashe ita ma ba kunya kaɗai ta sa ta rufe robar da tsumma ba. Ta ga ƙullutun na narkewa, tana tsoron in ta faɗa za a hana ta.

Likitan ya kira ni ofishinsa. Na shiga na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsa. Sai ya ba ni kujera ya ce in ba shi labarin kwana huɗun nan daki-daki, kada in tsallake komai, don abin da ya faru da ita dole su rubuta shi, wasu su kiyaye. Na ba shi, har butar. Na tambaye shi, da na kawo ta rana ta farko fa? Ya ce mai yiwuwa da ƙarin ruwa kaɗai ya wadatar, mai yiwuwa kuma da maganin ya taɓa ƙodar duk da haka, shi bai sani ba, kuma ba zai ce ya sani ba don ya faranta mini ko ya ɓata mini. Daga baya Malama Jummai ta gaya mini ta daina tambayar masu jinya ya mai jiki. Yanzu cewa take a karanta mata layi, kuma kafin ta miƙa wa kowa roba sai ta tambaya, mene ne tsakaninki da marar lafiya, akwai kunya? Ta ce tambayar Inna ta Bakura suke kiranta. Ban ƙi jin haka ba.

Da muka dawo gida dangin Mamman suka taru, gwaggon nan na kan gaba, ana cewa ai dama an faɗa, an kai mace an yi gwaji da ita kamar akuyar malamin dabbobi. Na buɗe baki zan yi magana, Kulu ta kama bakin zanena ta ja. Ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. An mayar da ita kan maganin da, an rage masa ƙarfi saboda ƙodar. Ta ga cirar albasa biyu bayan wannan, ta goya ɗan Murja a bayanta. A shekarun nan biyu ban koma Bakura ba. Ni ke yi mata wanka, ni ke shafa mata man kaɗanya a kai da gashin ya fara tsirowa, ina ba ta labaran da na ba kowa a duniya ban ba ta ba. Ina kiran sunanta sau hamsin a yini, ko babu dalili. Labari ya kai Janbako, 'yan'uwana suka ce tsufa ya taɓa mini kai. Malama Jummai ba ta mayar mini da ajiyata ba, ni ma ban je karɓa ba. Ranar wata Alhamis da hantsi, kanta na kan cinyata, Kulu ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ban ce muku da ba a cire ta daga binciken ba da tana raye ba. Wanda ya yi karatun ma ya ce bai sani ba. Abin da na sani shi ne mutanen nan sun gaya mana haɗarin tun kafin mu dangwala yatsa, sun ba mu roba, sun ja mana layi, sun bugo waya kullum. Ni aka tambaya, ni na ce da sauƙi.

Wata uku ke nan mijin Murja ya zo ya durƙusa a gabana, yana kallon ƙasa, ya ce ta ji wani abu kamar ƙwallon goruba a ƙarƙashin hammatarta, kuma ta rantse ba za ta taka wurin waɗanda suka kashe mata uwa ba. Ni na gina mata wannan rantsuwar da shiruna, shi ya sa na ce ita za ta riƙe biron, don ta ji da kunnenta ta kuma rubuta da hannunta. Ga ta nan a gabana, takardar ta jiƙe, tana tambayata ko wannan ma za ta rubuta. Rubuta, Murja. Wataƙila ba komai ba ne, wataƙila kuma wani abu ne, su za su duba su faɗa. Ubanki ya tsayar da mota tana bakin hanya, na sa an cika mana gorar ruwa. In an kai ga magani mai taɓa ƙoda, ni zan riƙe robar. Kuma in nas ta dube ni ta ce ya mai jiki, zan ce mata babu sauƙi, ga wurin nan, taɓa ki ji.

Rufe littafin haka nan. Ɗauko mayafinki.